Ayu Biyu a Gurbin Tsagaggen Dutse

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa. Sunana Kulu. Ban iya riƙe alƙalami ba, maƙwabciyata ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, take rubuta abin da nake faɗa. Ni Bakaba ce, daga wani ƙauyen masunta a bakin Gulbin Kabi. Na kusa shekara arba'in a Yamai, a unguwar Gudel, ban sake ganin garinmu ba. A nan maigidana ya rasu. Idan na yi kuka a tsakiyar magana a yi mini haƙuri, tsufa ya ɗauke mini kunyar kuka.

Maganar da zan yi ta wasu ayu biyu ce, uwa da ɗanta. Mutanen yanzu sun san man ayu a kwalba, ba su san dabbar ba. A ruwa take zaune, ta fi saniya ƙiba, ba ta da ƙaho, ba ta da faɗa. Ciyawa kawai take ci, ta leƙo da hanci ta sha iska ta koma. Gidan su maigidana su ne masu farautarta tun kakanni, shi ya sa ake ce masa Maizago, saboda zago, mashin nan da ake ɗaura wa igiya a jefa. Suna da ƙa'idarsu. Gurbi ɗaya, wato rami mai zurfi a cikin kogi, ayu ɗaya a shekara. Ba a taɓa mai shayarwa. Kuma matar mafarauci ba ta faɗin inda gurbi yake idan ta hau tudu, ko ga uwar da ta haife ta. Ranar da aka kai ni gidansu, uwarsa ta faɗa mini wannan tun kafin ta nuna mini madafa.

Shekarar da muka fito, damina biyu a jere ba a ga ruwan kirki ba. Gulbinmu ya yanke ya zama tafkuna. Muka bi abin da ya rage da jirginmu har babban kogi, wanda mu muke ce wa Kwara, Zabarmawa suna ce masa Isa, muka juya sama, don an ce a Yamai akwai hatsin taimako da kasuwar kifi. Mu uku ne: ni, da shi, da ɗiyarmu Sa'a, watanta tara.

A Gaya aka fara cutarmu. Lokacin soja ne, can gida soja, nan ma soja, kowa tsoron kaki yake ji. Wani mutum mai tabarau ya tare mu a bakin ruwa ya ce ba mai wucewa sai da takarda, shi kuma ya san hanya. Ya karɓi tarunmu mafi kyau, ya tafi, ya dawo da takardu biyu masu hatimi. Maigidana ya naɗe su a fata kamar laya. Da muka kai shingen farko, sojan ya duba, ya juya takardar, ya kira abokinsa, suka yi ta dariya.

Ya ce, "Malam, takardar allurar shanu ce. Kai ne san, ita ce saniyar?"

Maigidana ya karɓi takardar ya mayar cikin fata. Sai sojan ya leƙa bayana ya ga Sa'a, jikinta duk ƙyanda, idonta ya rufe. Dariyar ta tsaya. Ya ciro dabino daga aljihunsa ya zuba mini a hannu, ya ce mu wuce.

Kwana uku bayan haka Sa'a ta rasu. Wasu matan Dandawa da ban san su ba, ba na jin yarensu, su suka yi mata wanka, ɗaya ta yage sabon farin ƙyallenta ta ba mu. Muka binne ta a wani tsibirin yashi. Ban san sunan tsibirin ba. A nan ne kuma muka ji cewa an rufe iyaka a bayanmu.

Daga nan kogi ya shiga gandun daji na gwamnati, inda aka hana farauta da su. Ana barin jirgi ya wuce, amma ba ka jefa komai a ruwa. Maigidana ya taɓa bin wurin da ubansa yana saurayi, ya san gurabe tara da ayu ke zama da rani. Ya riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ina jin don ya ɗauke mini hankali daga tsibirin nan. Gurbi na farko ba komai. Na biyu ba komai. A na uku muka ga haƙarƙari zube a kan yashi, farare, masu nauyi kamar dutse, ga tokar wuta, ga sandunan da aka shanya nama. Ya sauka ya ɗauki wani ƙaramin ƙashi ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wanga ko yaye shi ba a yi ba."

A gurbi na biyar wani gardi ya tsayar da mu, Bazabarme, dogo, da keke da tsohuwar bindiga. Sunansa Jibo. Da ya ga zago a cikin jirgi sai ya ɓata rai. Maigidana ya miƙa masa da kansa, ya ce ya riƙe, ba abin da ya rage da za a jefa wa. Daga nan ya tambaye shi yadda aka yi gandun da ake tsaro ya fi ruwan da ba a tsaro zama kango.

Jibo ya zauna a gefen jirginmu. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ana ganewa. Ya ce, "Babana shi ne mai gurbin nan da. Kowane gurbi da mai shi. In ka kashe biyu, shi zai zo gidanka. Da aka yi gandu aka tashe su duka, aka ce na gwamnati ne. To, gwamnati ni ne, da keken nan. In ina sama, suna ƙasa. Yanzu ruwa ya janye, dabba tana cikin rami kamar tuwo a kwano. Mai yunwa ya zo, mai neman mai ya zo."

Gurbi na takwas yana ƙarƙashin wani dutse da ya tsage biyu, ruwan wurin baƙi ne saboda zurfi. Da hantsi muka isa. Maigidana ya tsamo wata ciyawa da ke yawo a kan ruwa, ya dubi inda aka gutsure ta, sai ya ɗora yatsa a baki. Muka ajiye filafili. Mun daɗe, har rana ta fara cizo. Sai na ji wani abu ya yi huci a hankali, na ga hanci ya leƙo, faffaɗa, mai gashi-gashi. A gefensa wani ɗan ƙarami ya leƙo.

Ruwan gefen gurbin garau yake, don haka na gani da idona. Uwar ta karkata, ɗan ya sa baki a hammatarta, inda nononta yake, kamar na mace. Ta riƙe shi da hannu ɗaya. Ni kuma kwana goma sha ɗaya ke nan da binne Sa'a, nonona bai ƙafe ba. Na ji zanena ya jiƙe. Na yi kukan da ban yi ba a tsibiri, na toshe baki da hannu don kada su tsorata.

Cikin gurabe tara, su kaɗai muka samu.

Sama da gurbin nan kogi ya zama yashi, jirgi ba ya tafiya. Jibo, da ya biyo mu ta gaɓa da kekensa, ya ce mu bar shi a nan, a inuwar dutsen, cikin ruwa don kada ya tsage, shi zai riƙa dubawa. Uban maigidana ne ya sassaƙa jirgin, kuma shi kaɗai ne hanyarmu ta komawa gida. Muka ɗaure shi, muka taka da ƙafa yini biyu zuwa hanyar mota, muka hau kamiyo, babbar motar itace, zuwa Sayi, daga can sai Yamai.

A Gudel wata Bazabarma mai lambu, Haisa, ta same mu zaune a gindin mangwaronta, ba mu san kowa ba. Ta dube mu daga sama har ƙasa, ta tambayi sana'armu. Da maigidana ya ce su, sai ta nuna kogi da haɓa.

Ta ce, "Su a ina? Ga guga can. Yau kifi ya zo noman salati."

Ta ba mu kusurwar lambunta muka kafa bukkar zana. Shi yana jan ruwa daga rijiyar da aka haƙa a cikin kogi yana ban ruwan kabeji da salati, da yamma ya jefa birgi a 'yan tafkunan da suka rage. Ni ina banda abin da ya samo in kai kasuwar Katako. Haisa ta koya mini "fofo", wato sannu, ta koya mini "kala suru", wato sai haƙuri, ta ce da waɗannan biyun zan iya zaman Yamai. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa cin abu ta hana ni ba.

Amma kewa ta ci ni. A Yamai kowa yana jin Hausa, sai dai Hausar ciniki ce, ta nawa ne da ba ragi. Ba mai ce mini "ina gajiya, ɗiyar Kabi". Ga zamanin soja, an ce ko'ina akwai kunne, mutane ba sa sakin baki da baƙo. Jar dawar taimako muke ci, mai warin buhu. Nakan tuna tuwon jar shinkafar fadamarmu har yawuna ya tsinke. Nakan tuna muryar innata tana kiran awaki. Da bazara ta yi tsanani kogin ya tsaya cak, mutane suna ƙetare shi da takalmi a ƙafa. Tsofaffin Gudel suka ce ba su taɓa ganin haka ba.

Maigidana kuwa hankalinsa yana can gurbi. Ya san ruwa ya janye daga ciyawa, uwa da ɗa suna cikin rami ba abin ci. Sai ya ɗauki al'adar tafiya duk wata. Ya ce wa Haisa neman kifi yake zuwa. Gaskiyar ita ce yakan je ya yanko ciyawa daga wata fadama mai nisa, ya ɗauko a ka, ya zuba musu, kwana huɗu ko biyar, Jibo yana kau da kai. Mutumin da gidansu suka ci ayu tun kakanni, shi ne ya koma yi musu kiwo. Idan ya dawo yakan wanke ƙafa, ya zauna, ya sha ruwa, ni kuma ina tsaye ina jira. Sai ya ce, "Suna gaishe ki." Wani lokaci ya ƙara, "Yaron ya fara cin ciyawa." Da wannan maganar nake rayuwa har wani watan.

A Katako na haɗu da Hajiya Ige. Ina zaune da tirena a bakin layin masu katako, sai na ji an ce a kaina, "Ke, wagga bandar ba ta nan ba ta. Wa ya koya miki?"

Na ɗaga kai da sauri. Harshen gida ne, irin na innata sak. Na ce mata daga Kabi nake. Ta tafa hannu ta zauna kusa da ni a ƙasa, duk da tsadar zanenta.

"Mi kika zo nema garin da ko miya ba su iya ba? Tashi mu tahi rumhwata, ƙanwata, rana ta kashe ki nan."

Kayan mata take sayarwa, kwalabe da ƙulle-ƙulle. Ta san kasuwar garinmu, ta san wace unguwa ke da rijiya mai daɗi. Wannan ba ƙarya ta yi ba, 'yar can ce da gaske. Washegari ta kawo mini hoce, wainar dawa irin ta gida. Wata rana ta kawo tuwon jar shinkafa a kwano, na ci ina hawaye, tana yi mini tsiya wai na ƙara wa miya gishiri. Na koma ina ɗokin zuwa kasuwa kamar mai zuwa ganin gida.

Wata Laraba ta dubi kaina ta ce, "Wanga kai ko na mahaukaciya. Zo nan." Ta zaunar da ni a bayan rumfa, ta kwantar da kaina a cinyarta, ta fara yi mini kitso irin na gida. Rabon da wani ya taɓa kaina tun innata. Muna cikin hira sai wata mata ta zo sayen man ayu, ta sallame ta, ta dawo tana dariya.

Ta ce, "Kitsen shanu na, wallahi. Ina ayu yanzu? Ya ƙare duniya. Jikokinmu sai dai labari."

Na ce, "Bai ƙare ba."

Hannunta bai tsaya da kitson ba. Ta ce, "Haba, ƙanwata."

Ba ta matsa mini ba, wannan dole in faɗa. Ni ce na yi ta zuba. Na ba ta labarin Sa'a, da tsibirin, da yadda na ga uwar ta riƙe ɗanta da hannu ɗaya. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ba ni da wanda zan faɗa wa da harshen da abin ya same ni. Ta share mini hawaye da gefen mayafinta, ita ma idonta ya kawo ruwa. Can ta ce, "Allah sarki. Ina suke, bayin Allah?"

Na tuna maganar uwar mijina. Wallahi na tuna, a daidai lokacin. Amma kaina yana kan cinyarta, kuma na ga kamar a tsakar gidanmu nake. Na ce mata cikin gandu ne, ƙarƙashin dutsen da ya tsage biyu.

Ba a yi kwana ashirin ba na zo rumfarta na tarar da mata sun yi layi. Sababbin kwalabe ne a kan tebur, man ciki fari tas. Na san shi, na sha ganin uwar mijina tana soya shi. Da ta gan ni ta yi fara'a, ta jawo ni gefe, ta danƙa mini wata ƙaramar kwalba.

Ta ce, "Wanga na gaske na. Rabonki na, ƙanwata, ba ni cin amana."

Har yau ina jin ba ta ga laifin abin da ta yi ba. Na bar tirena a kasuwa, na taka da ƙafa har Gudel, na shiga cikin busasshen kogin na tona yashi na binne kwalbar. Ban sake komawa Katako ba, sai dai in ba Haisa kifin ta sayar mini.

Kwana biyu bayan haka lokacin tafiyar maigidana ya yi. Na ce zan bi shi. Ya dube ni, bai tambaye ni dalili ba.

Tun daga nesa muka ga ungulaye a kan dutsen. Yashin bakin gurbin duk sawun taya ne. Ga toka, ga sandunan shanya, ga haƙarƙari ba su gama bushewa ba. Jibo yana zaune a kan kekensa da ya kwantar a ƙasa. Ya ce wuta aka sa a can ƙarshen gandun, ya tafi kashewa, kafin ya dawo mutum huɗu sun zo da kamiyo da bindigogi sun gama. Ya ce kai tsaye suka zo, ba su nemi hanya ba.

Maigidana ya ce, "Ɗan fa?"

Jibo ya ce bai gani ba. Ya ce, "Kala suru, Maizago."

Jirginmu yana nan inda muka ɗaure shi. Muka shiga, muka tura zuwa tsakiyar gurbin, muka zauna jira. A nan na faɗa masa. Na faɗa masa duka, da hocen, da kitson, da kwalbar. Ina kallon bayansa, don shi ke gaba. Na so ya zage ni. Na so ya ce in sauka in bi hanyata. Ya daɗe bai motsa ba.

Sai ya ce, "Da wane harshe ta tambaye ki?"

Na ce, "Da namu."

Ya gyaɗa kai.  Can ya ce, "Lauje na nan ƙarƙashin tabarma. Ɗauko, mu tahi yankan ciyawa."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan, har ya bar duniya.

Muka zuba ciyawa ranar farko, ba abin da ya taɓa ta. Rana ta biyu haka. A rana ta uku da safe, ina zaune cikin jirgi ina wanke kwano, na ji wani abu ya gogi katakon daga ƙasa. Na leƙa. Shi ne. Ya rame, fatarsa ta yi tamoji, akwai karce a bayansa. Ya kwanta a jikin jirgin, tsawonsa a tsawon jirgin, yana tura baki a gefen katako, yana nema. Jirgin baƙi ne, dogo, mai ciki. Ina jin shi ya ɗauka uwarsa ce.

Muka zauna a wurin. Jibo ya ce idan manyansa suka zo zai ce ma'aikatansa ne mu. Kullum da asuba mu tafi fadama, mu dawo da dami biyu a ka. Maigidana ya gano cewa ba ya cin ciyawar sai an rataya ta a jikin jirgi, don haka muke ɗaure ta a gefe da igiya. Sannu a hankali ya murmure. Idan na sa hannu a ruwa yakan zo ya shinshina, gashin bakinsa yana sosa mini tafi. Ban sa masa suna ba. Na ji tsoron sa wa wani abu suna.

Mun fi wata a haka, sai hadari ya haɗu. Aka yi ruwa kwana biyu, bayan mako guda kuma jan ruwa ya sauko daga sama, ya rufe yashi, ya haɗe gurabe. Kogi ya tashi. Jibo ya kawo labari cewa masu jirgi suna samun wucewa ta Gaya idan ruwa ya cika, ko da iyaka a rufe take. Daga inda muke, gida ya fi Yamai kusa a zuciyata. Na ɗaure kayana tun kafin maigidana ya yi magana. Na fara shirya abin da zan ce wa innata game da Sa'a. Na yi niyyar in roƙe shi mu tsaya a tsibirin, idan ruwa bai cinye shi ba.

Muka yi sallama da Jibo muka kama hanyar ƙasa. Ba mu yi nisa ba na waiwaya, na ga hanci ya leƙo a bayanmu. Muka ƙara sauri, yana nan. Muka koma gurbin, muka rataya masa ciyawa mai yawa a jikin dutse, washegari muka sulale a hankali ba tare da buga filafili ba. Kafin hantsi ya cim mana, ya manne a gefen jirgi yana huci. Muka ci gaba da shi a haka har muka hango ƙarshen gandun. Daga nan zuwa gaba ruwan kowa ne. Masunta sun dawo da dawowar kogi, taruna ne jere daga gaɓa zuwa gaɓa, ana ganin hayaƙin tungayensu.

Maigidana ya kafa gora a ƙasa, jirgi ya tsaya.

Ya ce, "Kulu, in munka wuce nan da shi, ba ya kai gobe. In ma ya kai Kabi, namu na za su jefe shi."

Na ce, "To mu kore shi."

"Kore shi ki gani."

Na ɗaga filafili. Yana nan kwance a jikin katako, idonsa ƙanana kamar na jinjiri. Na ajiye filafilin.

Muka juya. Da la'asar muka isa gurbin. Maigidana ya sauke kayanmu a kan tudu, ya ce in taya shi ɗibar duwatsu. Da farko ban gane ba, da na gane kuma na ci gaba da ɗiba. Muka cika cikin jirgin. Ya ɗaure dami biyu na ciyawa a gefensa, ya tura shi zuwa inda ruwa ya fi baƙi, ya zare tsummokaran da aka toshe tsagar gindinsa da su. Ya tsaya a ciki har ruwa ya kai masa gwiwa, yana shafa bakin jirgin da hannu, leɓensa yana motsi. Daga nan ya faɗa ruwa ya iyo zuwa gaɓa. Jirgin ya nutse a hankali, gindi ya fara, sannan kai.

Ya ɗauki kaya ya kama hanya, bai waiwaya ba. Ni na waiwaya. Na ga hancin ya leƙo daidai inda jirgin ya nutse, ya sha iska, ya koma ƙasa. Bai biyo mu ba.

Mutane sukan tambaye ni, ai da mota ma ana zuwa Kabi, me ya hana ku? Da aka buɗe iyaka na yi masa maganar sau ɗaya. Ya ce da wace fuska zai shiga gidan ubansa, ba jirgi, ba zago, ba ɗiya. Kuma duk rani yana so ya kasance inda zai iya zuwa gurbin. Ya yi ta zuwa shekara da shekaru, har aka ɗauke Jibo daga wurin, sabon gardin bai san shi ba, ya hana shi shiga. A shekarun da yake zuwa, sau biyu ya dawo ya ce ya ga ɗan ayun. Sauran shekarun bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ƙare rayuwarsa yana jan guga a lambun Haisa, mutumin da ya san kowane gurbi daga Kabi har Sayi. Innata ta rasu ban gan ta ba. Wani direba ne ya kawo mini labarin, bayan an yi arba'in.

Masuntan da ke zuwa Gudel daga ƙasa, wasu sun ce ayu ya ƙare a gandun, wasu sun ce akwai saura. An ce dabbar tana da tsawon rai. Idan yana nan, yanzu shi ma ya tsufa. Nakan zauna a bakin kogi da yamma in dubi ruwan da ke gangarawa, in ce zai wuce ta kansa, zai wuce ta tsibirin Sa'a, wani daga cikinsa zai kai kusa da gida. Allah ya jiƙan maigidana, ya jiƙan ɗiyata da innata da Haisa, ya yafe mini bakina.

Malama ta ajiye alƙalami yanzu tana tambayata, wai dutsen nan a ina yake daidai, ko wata rana ta kai ɗalibanta su gani. Mutuniyar kirki ce, shekara goma tana kawo mini abinci. Na ce mata babu wani tsagaggen dutse, ni na ƙirƙiro shi don takarda, kuma gurbin ba na takwas ba ne. Ta ce to na gaskiyar fa, ita kaɗai, ba za ta rubuta ba.

Na ce mata ta rufe littafin.